Rigar Mista Kalbin

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai su tare ni a ofis, a gidan suna mata su ja ni gefe, har mai kawo mana nono ta tsaya a bakin ƙofa tana so ta ji ko da gaske ne can ba a cin tuwo. Hajiya Binta, ƙawata tun muna kwalejin horon malamai, ta ce na dawo da rowar labari, wai kowa sai in gutsura masa kaɗan in ce sai an jima. To ga shi nan gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta da kansa, in ya so ya bar ni in yi aikina.

Da farko dai a sani, ba yawon buɗe ido na je ba, aikena aka yi. Nura, autanmu, wanda ni na ƙarasa rainonsa bayan rasuwar Inna, yana karatun digiri na biyu a wata jami'a a garin Greensboro. Shekararsa ta farko ya sha wuya, da rana aji, da yamma wankin kwanuka a gidan abinci. Ana nan sai ya bugo waya gidan maƙwabcinmu, ya ce ya samu sikolashif, an ɗauke masa kuɗin makaranta duka. Ya ce tallafin yana ɗauke da sunan wani mutum, Mista Kalbin, kuma shi iyakar abin da ya sani game da mutumin ke nan.

Da na kai wa Baba labari a zaure, ban ga murnar da na zata ba. Ya ce, "Malama," don haka yake kirana, ni ce 'yar fari, bai taɓa faɗin sunana ba, "wannan Kalbin ɗin ya san mu ne?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ya taɓa ganin Nura?"

"Ban ji alama ba."

Ya ce, "Mutum ya ɗauke maka nauyin ɗanka, bai san ka ba, kai kuma kana zaune kana cin abincinka ba ka je godiya ba. Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce."

Daga ranar abin ya tsaya masa a rai. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya yi masa zancen. Gwiwoyinsa sun riga sun gaza, idonsa ma ya yi rauni, ko masallacin Juma'a sai an kai shi a mota, balle Amurka. Sai ya aika aka sayo shadda fara mai tsada, ya kira maɗinkinsa na cikin birnin Zariya ya ce a yi babbar riga, aska takwas, aikin hannu. Da maɗinkin ya tambayi girman mai rigar, Baba ya ce, "Mutumin da ke biya wa 'ya'yan wasu makaranta ai ba zai zama siriri ba. Sake masa ita sosai."

Rigar na gab da kammaluwa Nura ya sake bugowa, ya ce jami'a za ta shirya wasan kiɗa don karrama masu ba da tallafi da ɗaliban da suka samu, kuma an yarda ɗalibi ya gayyato wani daga gida. Baba ya ce, "Ke za ki. Ki damƙa masa ita hannu da hannu, ki tsaya ya sa a gabanki, ki dawo ki faɗa min yadda ta zauna masa. Kada ki ba ɗan aike, kada ki ba sakatare." Na ce na ɗauki alkawari. Maigidana ya amince, ya ƙara da cewa shi dai tausayin Amurkawa yake ji.

Biza a Legas na nemo ta, bayan na sha layi a rana har mayafina ya jiƙe. Yarinyar da ke bayan gilashi ta tambaye ni me zai tabbatar mata zan dawo. Na ce mata ni shugabar makarantar firamare ce, malamaina in na juya baya na mako guda sai sun mai da makarantar kasuwa, kuma ina da miji da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Ta yi dariya ta buga hatimi. Waɗanda ke bayana a layi, da manyan fayil-fayil a hammata, suka bi ni da kallo.

Ranar tafiya muka kama hanyar Kano a fijo. Lokacin ana fama da wahalar mai, direban ya tsaya wajen 'yan bumburutu har sau biyu, motar kuma tana tari duk hanya. Ya so ya jefa ƙunshin rigar a but tare da jarkar mai. Na ce masa in ya ga rigar nan ta bar cinyata, to ni ma na sauka ke nan. A cinyata ta isa Kano, a cinyata ta shiga jirgi.

A Amsterdam muka yada zango muka jira wani jirgin. Lokacin salla ya yi, na rasa gabas, ginin duk gilashi ne da fitilu. Na ga wani baƙin mutum yana tura keken shara, na haɗa Turancina na makaranta na tambaye shi. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, kin fito lafiya?" Ashe ɗan zangon Kumasi ne. Ya nuna min alƙibla, ya shimfiɗa min kwali mai tsabta, ya tsaya yana gadin kayana har na idar. Ban tambayi sunansa ba, abin yana damuna har yanzu.

A New York ne aka yi ta. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi, sai jami'an kwastan suka ce in biyo su gefe. Kilishin da na sayo wa Nura shi aka fara kwashewa, ina kallo aka jefa shi a kwandon shara, na ji kamar in yi kuka. Kuka kuwa, wato ta miya, sai da na yi dogon bayani kafin su yarda ganyen bishiya ne aka daka. Da ɗaya daga cikinsu ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya har ya bugi tebur, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina ya runtse ido. Suka yi shawara, suka mayar min da abata, ina jin babu wanda ya so a bar ta a ofishinsa.

Sannan suka zo kan rigar. Suka warware ta, wannan ya kama hannu ɗaya wancan ya kama ɗaya, suna ja da baya rigar tana ta buɗewa. Ɗayan ya tambaye ni ko tanti ne. Na ce rigar mutum ɗaya ce, kuma babban mutum. Da ya fara naɗe ta kamar zanen gado na daka masa tsawar da nake yi wa 'yan aji shida, ya saki. Na kawar da takardunsu gefe, na shimfiɗa ta a kan teburinsu na ninke ta yadda ake ninkewa, aikin yana ciki. Layi ya tsaya yana jirana har na gama.

Wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Nura ya rame, ya sa wandon jins da wata rigar sanyi mai hula. Ya taho da gudu ya buɗe hannuwa zai rungume ni. Na tsaya na dube shi. Ya gane, ya durƙusa nan a tsakiyar jama'a ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Sai da ya gama gaisuwa na kama kansa na riƙe, hawaye ya zubo min, don yaron nan a bayana ya yi wayo.

Yana zaune a wata unguwa da ake kira Glenwood, kusa da jami'a, a wani tsohon gidan katako da yake rabawa da wasu ɗalibai maza. Duk inda ka taka sai gidan ya yi ƙara. Na leƙa tukunyarsu na yi maza na rufe. Tun da bai dace in kwana nan ba, ya riga ya nema min masauki gidan Hajiya Ramatu, mutuniyar Maraɗi, a wasu gidajen bene da ke bayan titin High Point. Mijinta yana aiki a wani sito a Wendover, yana fita da sassafe.

Ramatu ta karɓe ni kamar mun shekara da sanin juna. Tana buɗe ƙofa ta ce, "Bon, Hajiya, mi kika kawo muna?" Da na fito da daddawar ta rungume ƙullin a ƙirji. Ranar muka ci tuwon garin kwali da miyar kuka, har maƙwabciyarta Ba'amurkiya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ya lalace a bututun gidan. 'Ya'yanta kuwa, in na ce "Ina kwananku?" sai su amsa da Turanci su wuce. Kafin in baro gidan sai da ƙaramar ta iya cewa "Lafiya lau, Anti," tana ɗan rusunawa. Aikina ne, ba na iya bari.

Mutanen garin suna da fara'a, amma gaisuwarsu ba ta da zama. Washegari da safe wani mutum ya wuce ni a matakala ya tambaye ni yaya nake. Na tsaya na fara amsawa, na tambayi iyalinsa da aikinsa, kafin in kai ga gajiya ya riga ya shiga mota ya tafi. Wata rana kuma na ce bari in taka zuwa kantin kayan miya a bakin titi. Ni kaɗai ce mai tafiya a ƙasa duk tsawon titin nan, motoci sai wucewa suke. Wata mata ta tsaya ta sauke gilashi ta tambaye ni ko motata ce ta mutu. Na ce ƙafata lafiyarta ƙalau, na gode.

Abinci ma akwai labari. Shayinsu da ƙanƙara suke sha, an zuba sukari kamar za a yi alewa. Da safe suna cin wani farin tsaki da man shanu, wanda in an sa masa yaji da ɗan alayyafo zai zama abin kirki. Ganye kuwa sai ka tambaya, don Nura ya ce da naman alade ake dafa shi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ganye mai kyau haka.

Ranar wasan Lahadi ce, bayan azahar. Na sa leshina mai ruwan zuma, na kafa ɗauri, na yafa mayafi. Na kuma tanadi sababbin takardun dala ɗai-ɗai a jaka. Nura ya hango su ya zaro ido.

"Yaya, please, ba a liƙi a nan."

"To da me makaɗan za su koma gida?"

"Yawancinsu ɗalibai ne, karatunsu ke nan. In kika hau dandamalin nan security ne za su sauko da ke."

Na mayar da su, ba don na gamsu ba. A mota, Ramatu na tare da mu, ya ce damuwarsa ita ce yadda za mu gane Mista Kalbin a cikin taro. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Kiɗan karrama mai kyauta ne, dole mawaƙi ya kama sunansa, ya kama na ubansa da na kakansa, ya yi ta maimaitawa har mutumin ya miƙe. In ya miƙe na gan shi. Nura ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya kula da tuƙinsa.

Zauren babba ne, kujeru masu laushi jere-jere. Aka ɗauki ɗaliban da suka ci tallafi aka kai su layin gaba, aka zaunar da su cikin masu bayarwa. Ni da Ramatu muka zauna can tsakiya, rigar tana cinyata. Na hango Nura tsakanin mutum biyu. A damansa wata 'yar tsohuwa baƙa, siririya, da hula mai faɗi irin ta zuwa coci. A hagunsa wani farin mutum ƙato, mai tumbi, da zoben zinariya. Na taɓa Ramatu na ce, "Ga shi can. Baba bai yi kuskuren awo ba."

Aka ja labule. Makaɗan sun kusa cika aji guda, kowa da baƙar kwat, kamar 'yan badujala amma a zaune. Layin gaba masu wata irin algaita ta ƙarfe mai lanƙwasa ne. Bayansu masu wani abin busa da ake ja ana turawa. Can baya masu gajerun kakaki. A gefe ga mai fiyano, ga mai ganguna shi kaɗai da kayan mutum biyar, ga wani ya rungumi ƙaton goge a tsaye yana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Shugabansu ya kaɗa yatsa, suka saki kiɗan gaba ɗaya, sai da na ji shi a ƙirjina. Wannan shi ne jaz.

Zan faɗi gaskiya, kiɗan ya yi daɗi. Ana cikin yi sai mutum ɗaya ya miƙe ya busa nasa shi kaɗai, ya hau ya sauka yadda ransa ya so, sauran suna riƙe masa, in ya gama a tafa masa ya zauna wani ya tashi. Kamar dai aji mai tarbiyya ana bita. Na tsinci ƙafata tana motsi a ƙarƙashin zane. Sai dai babu mawaƙi. Kiɗa ya bi kiɗa, ban ji an kama sunan kowa ba. Na ce wa Ramatu, "Wane irin karramawa ne wannan? Mutum ya ba da dukiyarsa a tara shi a yi masa busa ba kirari?" Ta ce, "Hajiya, haka suke. Ki yi shiru ana kallonmu."

Akwai abin da ya tsone min ido tun farko. A layin masu kakaki akwai kujera ɗaya babu kowa, an ɗora kakakin a kai. Na ce a raina, ko a Amurka ma akwai ɗan makara, kuma a rana irin wannan. Da ɗalibina ne da ya sha. Can wajen ƙarshe suka yi wani kiɗa mai sanyi, a hankali, aka rage fitilu aka bar ɗaya a kan kujerar nan. Na ɗauka tona masa asiri ake yi, har na ce ya yi daidai.

Bayan nan wata ma'aikaciyar jami'ar ta hau dandamali ta fara kiran sunaye. Ta kira sunan tallafi, mai bayarwa ya miƙe, ta kira ɗalibi, shi ma ya miƙe, a tafa. Da na ji ta ce Kalbin, na ji ta ce Nura, ban san lokacin da na kama hancina na rangaɗa guɗa ba. Doguwa kuwa, irin wadda na yi ranar auren ƙanwarmu. Zauren ya yi tsit. Kawuna suka juyo. Ramatu ta nutse a kujera. Sai wani yaro cikin masu kakaki ya ɗaga nasa ya kwaikwayi guɗar tawa daidai, har da karkarwar ƙarshe, zauren ya ɓarke da dariya da tafi. Wasu mata baƙaƙe a bayana suka dafa kafaɗata suna cewa in ƙara. Ban ƙara ba, amma ban ji kunya ba ko kaɗan.

Abin da ya ɓata min rai shi ne wanda ya miƙe tare da Nura. Mai tumbin yana zaune yana tafi. 'Yar tsohuwar nan ce ta dafa kujera ta tashi. Na ce wa Ramatu, "Kin gani? Manya ko'ina halinsu ɗaya. Bai zo ba, wakiliya ya turo." Nura ya waiwayo yana ta yi min alama da hannu, fuskarsa a rikice. Na ɗauka kunyar guɗata ce ta kama shi, na kau da kai.

Da aka tashi aka fita wani babban falo da aka jera abin taɓawa. Cuku ne aka yayyanka ƙanana aka soka wa tsinke, da 'ya'yan inabi. A Zariya in ka tara manyan baƙi ka ba su wannan, sai an shekara ana zancenka. Aka kira ɗalibai gefe ɗaukar hoto, Nura na ciki, yana ta leƙena ta saman kawunan mutane. Na hango tsohuwar zaune ita kaɗai a bakin taga. Na gyara mayafi, na ɗauki rigar, na nufe ta.

Na gaishe ta da Turanci na ce ni ce yayar Nura. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce sunanta Loreta, kuma ta san ni ce mai muryar nan. Na ce, "Madam, mahaifinmu ne ya aiko ni tun daga Najeriya wurin Mista Kalbin, da godiya da kuma saƙo. Na ga bai samu zuwa ba. In yana gida gobe a faɗa masa ina tafe, don saƙon ba na ba wakili ba ne." Na faɗi haka da ɗan kaifi a murya, ba zan ɓoye ba.

Ta daɗe tana kallona, hannuna yana cikin nata. Sannan ta ce, "Kalbin ɗana ne. Kujerar da kika gani babu kowa, tasa ce."

Ta faɗa min a hankali. Yana shekararsa ta ƙarshe a jami'ar, yana busa kakaki a wannan ƙungiya, suka yi haɗarin mota a hanyar dawowa daga wasa, ya rasu. Shi kaɗai suka haifa. Ita da mijinta malaman makaranta ne, abin da suka tara dominsa suka mayar tallafi ga 'ya'yan wasu. Mijin ma ya rasu daga baya. Shekaru sun ja, amma duk shekara ana ajiye masa kujera.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zo da faɗa a baki, ina zargin yaron da ke kabari da makara da girman kai. Amma a gidanmu an koya mana abu ɗaya, gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Ko shekara nawa aka yi, ranar da ka fara haɗuwa da wanda aka yi wa rashi, ranar za ka yi masa. Na ajiye rigar a kujera, na zare takalmina, na ja mayafi na rufe kaina, na durƙusa a gabanta a kan kafet, mutane da kofuna a hannu suna kallo. Turancin ya ɓace min, sai Hausa ta zo. Na ce, "Sannu da rashi. Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana. Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya zuciyarki."

Nura ya iso yana haki, ya tarar da ni a ƙasa. Shi ma sai da suka zauna a layin gaba ta faɗa masa, abin da yake ta ƙoƙarin sanar da ni ke nan. Ya durƙusa kusa da ni yana fassara mata. Ta tambaye shi me ya sa na cire takalmi, ya ce haka muke yi wa wanda ya rasa nasa, ko da an daɗe.

Ta sa hannu ta rufe bakinta. Sannan ta ce, "Na manta rabon da wani ya yi min ta'aziyya. Mutane a nan suna tsoron ambaton sunansa a gabana, wai kada su tuna min. Kamar dā na manta ne."

Na ce ta ba ni labarinsa. Ta ba ni, har da yadda yake damun maƙwabta da busa tun yana ƙarami. Sannan ta nuna ƙunshin ta ce tana so ta ga abin da aka aiko wa ɗanta. Ni da Nura muka warware rigar. Ta shafa aikin da yatsunta, ta dubi faɗinta, sai ta fashe da dariya hawaye yana zuba. Ta ce Kalbin uku za su shiga ciki, yaron kamar sanda yake. Na faɗa mata abin da Baba ya ce wa maɗinki, ta ƙara dariya har tana riƙe hula.

Na ce mata na shiga uku, don an ce in tsaya a sa ta a gabana. Ta dubi Nura ta ce, "To ya sa." Ya zura ta a kan kwat ɗinsa, ta sauka har ƙasa. Na nuna mata yadda ake naɗe hannun a aza a kafaɗa, na yi ɗaya, ita ta miƙe ta yi ɗayan da kanta, ta daɗe tana gyarawa. Ta ce rigar za ta zauna a gidanta, a ɗakin Kalbin, ranar da Nura ya gama karatu ya zo ya sa. Ta ce nata ɗan bai kai wannan ranar ba, tana so ta ga ta Nura, in mahaifinmu ya yarda.

Kafin in taho, Ramatu ta tara wasu matan Nijar da na Najeriya, muka dafa shinkafa da miyar kaji muka je gidan Madam Loreta gaisuwa yadda ya kamata. Muka zauna a falonta, aka yi shiru, aka yi hira, aka kalli hotuna. Ba ta so mu tafi ba, ta rako mu har bakin mota.

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai tunanin abin da zan faɗa wa Baba. Na same shi a zaure a kan buzunsa. Ko gaisuwa bai bari na gama ba ya ce, "Kin damƙa masa?"

Na zauna na ba shi labarin duka, ban rage komai ba, har da kaifin muryata. Ya saurara kansa a sunkuye. Da na gama ya ce, "Shekarunsa nawa?"

"Bai kai Nura ba, Baba."

"Tana da wasu?"

"Babu. Shi kaɗai ne."

"Kin yi mata gaisuwa?"

"Na yi. Har gida muka je."

Ya ce, "To kin isar da aike." Ya share idonsa da gefen rawani, ya daɗe yana jan carbi. Baba mutum ne da duk Juma'a sai ya tambaya saura wata nawa Nura ya dawo, don yana tsoron kada ya tafi bai sake jin muryar autansa a zauren nan ba. Na yunƙura zan shiga ciki sai ya ce, "Malama."

Na ce, "Na'am, Baba."

"In ya bugo waya ki faɗa masa na yarda. Duk mako ya je ya gaishe ta, ya ga abin da take buƙata. In ya gama karatun kuma, kada ya yi gaggawar dawowa saboda ni. Ni ina da ku. Ita ba ta da kowa."